Torent da saukewa kai tsaye: me ke faruwa a ƙarƙashi, kuma wanne ya fi?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masana su taimaka min. A shafin Ubuntu, wani tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, akwai maɓallin saukewa na yau da kullum, sannan a wani gefen sun ajiye wani ɗan mitsitsin fayil na torent, wai shi ma hanya ce. Fayil ɗaya, kamfani ɗaya, me ya kawo hanya biyu? Wasu na cewa torent ya fi gudu, wasu na cewa gaba ɗayansa haramtacce ne. Ina gaskiyar take?

Injiniya: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Mu fara da hanyar da kowa ya saba da ita. In ka danna maɓallin saukewa a burauza, kwamfutarka da kwamfuta guda take magana, wadda ake kira uwar garke. Ita ke riƙe da fayil ɗin, ita ke turo maka shi daga farko har ƙarshe ta ƙa'idar HTTP, wadda Tim Berners-Lee ya tsara a cibiyar CERN wajen 1990. Kafin ita ma akwai FTP tun 1971. Kai naka karɓa ne kawai, ba ka ba kowa komai.

Matsalar tana tasowa ranar da jama'a suka yi mata yawa. A ce fayil ɗin gigabait 4 ne, mutum 1,000 na nema. Dole gigabait 4,000 su fita ta layin uwar garken nan. In layin na ɗaukar megabait 125 a daƙiƙa, sai ta yi kusan awa 9 tana aiki ba hutu kafin kowa ya samu nasa. Kuma mai ita ke biyan kuɗin layin. Duk wanda ya ƙaru, kaya ya ƙaru a kanta.

A torent kuwa ana yanka fayil ɗin gunduwa-gunduwa. In kowace gunduwa megabait 2 ce, fayil ɗin nan zai tashi gunduwa 2,000. Da zarar gunduwa ta sauka a wurinka, manhajarka ta fara miƙa ta ga wasu da ba su da ita, tana kuma karɓo wasu daga wurinsu. Ka zama mai karɓa kuma mai bayarwa a lokaci guda. Wannan shi ne P2P, wato musaya kai tsaye tsakanin kwamfutocin masu amfani. A nan duk wanda ya ƙaru da layinsa ya zo, don haka yawan jama'a ƙarfi ne. Shi ya sa ranar da sabon Ubuntu ya fito, a watan Afrilu ko Oktoba, torent ɗinsa yake tashi kamar me.

Malamar Kwamfuta: Ga yadda nake yi wa ɗalibaina bayani. Malami yana da takardar darasi mai shafi 50, ɗalibai 50 na son kwafa. In kowa zai jira layi ya karɓi takardar daga hannun malam ya kwafe duka, na ƙarshe sai ya gaji da jira. In kuwa malam ya ba kowa shafi ɗaya ya kwafa, sannan suka shiga musaya a tsakaninsu, malam sau ɗaya kawai ya fitar da kowane shafi, amma kowa ya tashi da cikakkiyar takarda. Sai dai ka lura da wani abu: in malam ya tafi, ɗalibin da ke riƙe da shafi na 37 shi ma ya tafi kafin wani ya kwafa, to duk ajin sun tashi da takarda mai giɓi.

Sabon Shiga: Malama na gode, yanzu ya fara zama. To amma ta yaya kwamfutata za ta san su wane ne ke da fayil ɗin? Kuma in wani ya turo min gunduwa ta bogi fa?

Ɗan Linux: Bari in amsa wannan, Malama. Ɗan fayil ɗin da ka gani, shi kansa ba Ubuntu ba ne, takardar bayani ce. A cikinta akwai sunan fayil, girmansa, girman gunduwa, da lambar shaida ta kowace gunduwa. Ana fitar da lambar ne ta wani lissafi mai suna SHA-1, kuma sabon zubi na biyu na BitTorrent, wato ƙa'idar da torent ke aiki da ita, ya koma SHA-256. Gunduwa na sauka, manhajarka ta sake lissafin ta gwada da wadda ke rubuce. Ko harafi ɗaya aka taɓa lambar ba za ta yi daidai ba, sai ta yar da gunduwar ta nemo wata, kuma manhajoji da yawa suna toshe wanda ya cika turo ɓatacciya.

Maganar sanin su waye ke da shi, a cikin takardar akwai adireshin wata kwamfuta da ake kira tiraka. Ita ba ta riƙe da fayil ɗin ko kaɗan, rajista kawai take yi. Ka je ka ce ina neman kaza, ta ba ka adireshin wasu da ke kan wannan fayil ɗin, shi ke nan ta gama aikinta. Daga 2005 kuma aka ƙaro DHT, inda su kansu kwamfutocin ke raba rajistar a tsakaninsu, kan wani tsari mai suna Kademlia da aka wallafa a 2002. Shi ya sa yanzu za ka ga mahaɗar magnet, layi ɗaya na haruffa, ba tiraka ba komai, ka liƙa a manhaja ta nemo mutane da kanta.

Ni dai tunda na fahimci wannan ban ƙara sauke babban fayil ta burauza ba in akwai torent ɗinsa. Ya fi gudu, ya fi aminci, magana ta ƙare.

Injiniya: A'a ɗan'uwa, maganar ba ta ƙare ba. Bayaninka na lambar shaida daidai ne, amma "ya fi gudu" ɗin nan da sharaɗi. Lissafin da na yi a sama na uwar garke guda ne. Manyan kamfanoni sun daɗe da barin wannan. Tun 1998 da aka kafa Akamai, sannan irin su Cloudflare suka biyo baya, ana ajiye kwafin fayil a ɗaruruwan wurare a duniya, a haɗa ka da mafi kusa da kai. In daga irin wannan kake saukewa, layinka ne zai gaza, ba nasu ba. Torent ba zai iya ba ka fiye da abin da layinka ke ɗauka ba.

Kuma torent yana da jinkirin tashi. Sai ya nemo mutane, ya gaisa da su, su yarda su ba shi. Fayil mai megabait 5, kafin torent ya gama gaisuwa burauza ta daɗe da sauke shi.

Ɗan Linux: Na yarda da ƙananan fayiloli. Amma Malam Injiniya, wa ke da kuɗin Akamai? Ƙungiyar sa-kai mai raba manhaja kyauta irin ta Debian ko LibreOffice, ko wani malamin jami'a da ke son raba bayanan bincikensa masu ɗaruruwan gigabait? Ai a nan amfanin yake. Torent ya ba talaka damar raba babban abu ga duniya ba tare da ya mallaki rumbun kwamfutoci ba. Kuma in netwok ya yanke a tsakiya, torent daga inda ya tsaya zai ɗora.

Injiniya: HTTP ma yana ɗorawa, in uwar garken ta yarda a nemi wani yanki na fayil, kuma galibi suna yarda. Da wannan ne manhajojin saukewa ke raba fayil gida takwas su jawo shi a tare. Inda torent ya sha gaba shi ne tantancewa: burauza za ta iya ba ka fayil da ya lalace a hanya ba ta ce maka komai ba, sai ka zo amfani da shi. Shi ya sa Ubuntu ke wallafa lambar SHA-256 ta fayil ɗin don ka gwada da kanka, amma mutum nawa ke gwadawa? Maganar talaka kuwa, a nan ba ni da ja.

Tsohon Hannu: Ku yara kun taso kun tarar da abu ya nuna. Mu da muka ga farkonsa mun san ba haka aka fara ba. A 1999 wani matashi ɗan Amurka, Shawn Fanning, ya fito da Napster, manhajar musayar waƙoƙi. Waƙoƙin suna kwamfutocin mutane, amma jerin sunayen wanda ke da me yana hannun kamfanin. To wannan jerin ne ya zama wuyansu. Kamfanonin waƙa suka kai ƙara, kotu ta ba da umarni, a 2001 aka rufe, komai ya tsaya cak. A 2000 Gnutella ta fito ba ta da cibiya ko ɗaya: ka tambayi maƙwabtanka, su tambayi nasu, haka har tambayar ta yaɗu. Ba mai iya rufe ta da kashe kwamfuta ɗaya, amma yawan tambayoyin kansa ya riƙa shaƙe layukan masu ƙaramin intanet. Kazaa ta zo a 2001 ta ɗora aikin rajista a kan kwamfutoci masu ƙarfi daga cikin masu amfani da ita. Mutanen da suka yi ta, Niklas Zennström da Janus Friis, su ne suka fito da Skype a 2003 kan irin wannan tunanin.

Babban ciwon duk waɗannan shi ne masu ci ba su bayarwa. Mutum ya sauke abinsa ya rufe ƙofa. Abin da Bram Cohen ya zo da shi a BitTorrent a 2001 shi ne maganin wannan, kuma ina ganin shi ne ya sa har yau yake raye alhali sauran sun zama tarihi.

Sabon Shiga: Baba, wane magani ke nan? Ta yaya manhaja za ta tilasta wa mutum ya bayar?

Tsohon Hannu: Ba tilas ba ne, cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. A tsarin asali, manhajarka tana buɗe wa mutum huɗu ƙofa a lokaci guda, kuma tana fifita waɗanda suka fi turo maka da sauri. Kowace daƙiƙa 10 sai ta sake duba lissafin, wanda ya yi sanyi ta rufe masa, ta buɗe wa wani. Sannan kowace daƙiƙa 30 tana zaɓar mutum ɗaya haka kawai ta ba shi, ko bai ba ta komai ba. Wannan na ƙarshen ya burge ni ƙwarai. Ta nan ne sabon shiga irinka, wanda bai da ko gunduwa ɗaya, yake samun ta farko da zai shiga musaya da ita, kuma ta nan manhajar ke gano ko akwai wanda ya fi waɗanda take hulɗa da su.

Akwai dabara ta biyu. Manhajar ba ta sauke fayil a jere daga farko. Tana duba gunduwar da ta fi ƙaranci a cikin taron, ta fara da ita, don kada mai ita ya tafi da ita. Buɗe manhajar torent irin qBittorrent ka kalli sandar gunduwoyin nan yayin da yake aiki, za ka ga tana cika a warwatse, nan ɗigo can ɗigo. Shi ya sa bidiyon da ya kai rabi a torent galibi ba ya buɗuwa, sai dai in ka sa shi ya bi a jere.

Malamar Kwamfuta: Kuma duk da dabarar nan, giɓin da na ambata yana faruwa. Za ka ga torent ya kai kashi 98 cikin 100 ya tsaya, mutane goma na kansa, kowa 98 gare shi. Masu cikakken fayil, waɗanda manhajar ke kira sida, duk sun tafi, kuma gunduwar da ta rage ba ta hannun kowa. Ba abin da za ka danna ya gyaru sai wani mai cikakke ya dawo. Don haka kafin ka fara, duba adadin sida. In sifili ne kuma ya daɗe a haka, kada ka ƙona datarka.

Wannan ne ainihin bambancin a wurina, ya fi maganar gudu. A hanyar gargajiya akwai wanda nauyin ke wuyansa: muddin yana biyan kuɗin uwar garke fayil yana nan, ranar da ya daina ko aka rufe shi, ya ɓace wa kowa lokaci ɗaya. A torent ba mai iya kashe shi da umarni ɗaya, amma kuma ba wanda ya yi alƙawarin riƙe shi. Sabon abu da kowa ke so yana gudu, tsohon abu da mutum uku ke nema yana mutuwa a hankali.

Ummu Data: Ku yi haƙuri in katse ku. Ni a waya nake amfani da intanet, da data mai iyaka. Na gwada torent, fayil ɗin bai kai abin da aka cire min ba, har na ɗauka kamfanin layin ne ya cuce ni. Ashe wannan bayarwar ce?

Injiniya: Ita ce, 'yar'uwa. Kamfanin layi yana ƙirga abin da ya shigo da abin da ya fita. In kin sauke gigabait 2 kika bar manhajar a buɗe har ta tura wa wasu gigabait 2, an ci miki 4. Kuma ba ta tsayawa don saukewa ta ƙare, ci gaba take yi da rabawa har sai kin dakatar da ita. A cikin saitin akwai wurin taƙaita gudun turawa, akwai kuma wurin cewa ta tsaya in ta kai wani adadi. Sai dai kada ki matse turawar gaba ɗaya yayin da kike saukewa, don kamar yadda Baba ya faɗa, in ba kya bayarwa wasu za su rufe miki ƙofa, musamman in sida ba su da yawa.

Akwai wata matsalar ta masu layin waya. Kamfanonin galibi suna haɗa dubban mutane a bayan adireshin IP guda, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, don haka ba mai iya ƙwanƙwasa miki ƙofa daga waje, ke ce kawai ke iya zuwa wurin wasu. In wancan ma haka yake a rufe, sau da yawa ba za ku haɗu ba. Shi ya sa za ki ga an rubuta mutum 40 na kan fayil amma da shida kawai kika haɗu. Shawarata, mai data mai iyaka ya bi hanyar kai tsaye in tana nan kuma tana da kyau.

Ɗan Linux: To in kowa ya bi wannan shawarar wa zai riƙe taron? Abin nan da bayarwa yake rayuwa. Ni ƙa'idata, ba na rufe torent sai na mayar da aƙalla gwargwadon abin da na ɗauka.

Ummu Data: Ɗan'uwa, kai da intanet ɗinka ba ta da iyaka ai sai ka riƙe mana. Kowa da ƙarfinsa.

Ɗan Linux: Wannan gaskiya ne, ba da ke nake ba. Da masu layi mara iyaka nake, waɗanda suna ganin saukewa ta cika kashi 100 suke rufewa. Barin kwamfuta ta raba Debian cikin dare ba ya rage musu komai.

Mai Haɗa Bidiyo: Ina ta karantawa, ba wanda ya taɓo rabin tambayar yaron nan. Ni sana'ata ke nan, na san wahalar da ake sha kafin a fitar da aiki na minti goma. Mu daina kewaye-kewaye, kaso mai yawa na abin da ake rabawa ta torent kayan mutane ne da aka ɗauka ba izini.

Tsohon Hannu: Ba wanda zai musa maka. Amma a raba hanya da kayan da aka ɗauko a kanta. Ita ƙa'idar BitTorrent ba laifi ba ce. Abin da kotuna suka hukunta shi ne masu gina kasuwanci kan satar. A 2005 kotun ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Grokster cewa wanda ya raba manhaja yana kwaɗaita wa mutane keta haƙƙin mallaka da ita, shi ma yana da alhaki. A Suwidin an kai samame kan shafin torent na The Pirate Bay a 2006, a 2009 aka yanke wa mutum huɗu ɗaurin shekara ɗaya-ɗaya da diyyar kurona miliyan 30. Manhajar musayar fayil ta LimeWire ma umarnin kotu ya rufe ta a 2010. A ɗaya gefen kuma Internet Archive, wani rumbun adana bayanai na intanet, tun 2012 take ba da kayanta ta torent, Blizzard ya yi shekaru yana raba sabuntawar wasan World of Warcraft ta wannan hanyar, Twitter da Facebook sun yi amfani da ita wajen watsa sabuwar manhaja zuwa dubban kwamfutocinsu na cikin gida.

Mai Haɗa Bidiyo: Na ji, Baba. Abin da nake so matasa su gane shi ne a torent ba ɗauka kawai kake yi ba, rabawa kake yi. Kana sauke fim ɗin wani, a daidai lokacin kana miƙa shi ga wasu ɗari. Ko doka ba ta kama ka ba, haƙƙin mai shi yana nan.

Injiniya: Kuma ba a ɓoye kake ba. Duk wanda ke cikin taron yana ganin adireshin IP ɗinka, buɗe shafin mutane a manhajar za ka ga na kowa a jere har da tutar ƙasarsa. Ta haka wakilan masu haƙƙi ke tattara adireshi, kuma a Jamus an san lauyoyi da aika wasiƙun neman diyya kan wannan. A saukewa ta HTTPS kuwa, wato HTTP mai ɓoye abin da ake turawa, mai shafin ne ke ganinka, kamfanin layinka ya san inda ka je amma bai ga abin da ka ɗauko ba.

Sannan in gyara wani abu kan "ya fi aminci". Lambar shaida tana tabbatar maka ka samu daidai abin da mai torent ɗin ya sa. Ba ta ce abin da ya sa ɗin mai kyau ne ba. In ya cusa bairos a cikin manhajar da aka fasa, za ka sauke bairos ɗin cif-cif ba ko ƙwarzane. Torent ɗin Ubuntu, daga shafin Ubuntu ake ɗauko shi.

Sabon Shiga: To in yana da amfani haka, me ya sa manyan kamfanoni ba su koma kansa duka ba?

Malamar Kwamfuta: Wasu sun shiga sun fita. Spotify, kamfanin sauraron waƙa ta intanet, ya fara da P2P a manhajarsa ta kwamfuta, har ma Ludvig Strigeus da ya rubuta manhajar torent ta µTorrent yana cikin waɗanda suka gina ta, amma a 2014 suka ajiye tsarin suka koma kan nasu uwayen garken. Jama'a sun koma waya, inda batir da data da rufaffiyar ƙofa ba sa son rabawa, kuma mai kallo ko sauraro yana son abu ya fara nan take, a jere. Wasu kuma suna ciki ba ka sani ba. Tun Windows 10 a 2015, kwamfutarka na iya karɓar sabuntawa daga wasu kwamfutoci ta kuma ba su. In kwamfutoci 30 ne a ofis ɗaya, ba sai kowacce ta jawo abu ɗaya daga waje ba.

Ummu Data: Subhanallah, to ita ma tana cin data ta ke nan ban sani ba?

Malamar Kwamfuta: Shiga saitin Windows Update, cikin ƙarin zaɓuɓɓuka za ki ga Delivery Optimization. Za ki iya kashe shi, ko ki bar shi ga kwamfutocin da ke kan netwok ɗinki na gida kawai. In kuma da wayarki kike ba kwamfutar intanet, ki sa wa haɗin alamar cewa mai ƙidayar data ne, Windows ba ya tura wa na waje ta irin wannan haɗin.

Ɗan Linux: Malama, kan tsofaffin fayiloli da kika ce suna mutuwa, akwai maganin da aka yi masa. Ana iya sa adireshin uwar garke ta HTTP a cikin torent ɗin kansa. In akwai mutane, a karɓa daga wurinsu, in ba kowa, manhajar ta jawo gunduwoyin daga uwar garken ta tantance su yadda ta saba. Haka Internet Archive ke yi, shi ya sa nasu ke sauka ko an nuna maka ba sida ko ɗaya.

Malamar Kwamfuta: Haka ne, amma ka ga an sake komawa ga wanda ke biyan kuɗin uwar garken. Ranar da ya janye, sai abin da ke hannun jama'a ya rage.

Injiniya: Shi ya sa in za ka raba naka aikin, ƙanena, ka haɗa biyun: ka sa shi a uwar garke, ka yi masa torent mai ɗauke da adireshinta, ka wallafa lambar SHA-256 a gefe. qBittorrent yana da wurin ƙirƙirar torent, kuma akwai akwatin da ake liƙa adireshin a ciki.